Mu shida a ɗaki ɗaya? Otal ɗin tsakiyar gari ya haɗa ni da maigidana

Tambaya:

Assalamu alaikum, Anti. Ina da aure da yara uku: babban shekararsa 9, mai bi masa 5, sai ta goye mai wata 14. Wata mai kamawa za mu raka surukata wani babban birni ganin likitan gwiwa, kwana biyar za mu yi. Maigidana ya ce tunda yara suna hutu, a tafi da su su ma su buɗe ido. Ya samo otal a tsakiyar gari, wai tafiyar minti goma a ƙafa daga asibitin, ya kama "ɗakin iyali" guda ɗaya ta manhajar waya. Sai murna yake akwai wurin ninkaya da karin kumallo, kuma an rubuta otal ɗin na masu iyali ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mu shida a ɗaki ɗaya, har da Mama? Na nuna masa wani a bayan gari mai sauƙin kuɗi inda za mu iya kama ɗaki biyu, ya ce nisa. Na ce to a ƙara ɗaki a nan ɗin, ya ce ai ba ni na san zafin neman kuɗin ba. Tun ranar daga gaisuwa sai gaisuwa. Har zuwa ƙarshen mako mai zuwa ana iya soke ɗakin ba asara. Don Allah ni ce na cika tsirfa, ko yaya?

Maman yara uku

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba tsirfa kike yi ba. Sai dai kada ki ɗauki wannan amsa da gudu ki kai masa, don rabin gaskiyar a hannunsa take. A maganar tsakiyar gari ya fi ki gaskiya, a maganar ɗaki ɗaya kin fi shi. Rigimar ta ƙi ƙarewa ne saboda kun haɗe maganganu biyu wuri guda, kowa yana kare tasa.

Bari mu fara da inda ya yi daidai. Tafiyar nan ta gwiwar Mama ce, yawon yara ƙari ne. Duk wanda ya taɓa jinya ya san asibiti ba ya sallamar mutum a zuwa ɗaya: a ce ku zo da sassafe, a ɗauki hoto, a ce ku dawo da rana a ga sakamako, gobe kuma a sake wani gwajin. In kuna bayan gari, kowace komawa sai an shiga mota, cikin cunkoson safe da na yamma, da dattijuwa mai ciwon ƙafa a naɗe a kujerar baya. Ƙaramar tasi fasinja huɗu take ɗauka. Ku shida ne, ga keken jaririya, saboda haka duk ranar da za ku fita tare, ko mota biyu ko babba guda. Ki lissafa wannan na kwana biyar ki ɗora a kan kuɗin otal ɗin bayan garin, sau da yawa sai ki ga arahar ta koma tsada.

Ga kuma 'yar goyonki. Cibiyar likitocin barci ta Amurka, a jadawalin da ta fitar a 2016, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 tsakanin dare da rana, ɗan 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Barcin rana ba ya samuwa a bencin asibiti. In masauki yana kusa, ki koma da ita ki kwantar, ki bar ɗa da mahaifiyarsa su jira likita. Amfanin tsakiyar gari ga mai iyali ke nan, sauƙin komawa ɗaki da tsakar rana.

Amma "minti goman" nan ki bincika. Taswirar waya da tafiyar lafiyayyen mutum take lissafi, wajen kilomita 5 a awa, wato minti goma kusan mita 800 ne. Ga mai ciwon gwiwa mita 800 ba nan kusa ba ne. Ku tambayi otal ɗin ko mota tana iya tsayawa daidai bakin ƙofarsu, domin a tsakiyar birane da yawa akwai titunan da aka hana motoci shiga, sai a sauke ku a kan kwana ku ja akwatuna. In da motarku za ku je, ku tambayi fakin. A tsakiyar gari ko dai babu, ko kuɗinsa daban.

Yanzu ɗakin. Kafin ki sake ce masa komai game da takura, ki roƙe shi ku buɗe tabbacin da manhajar ta turo masa, ku duba mutum nawa aka rubuta. Ina kyautata zaton "manya biyu" za ku gani, don da haka manhajojin suke buɗewa in mutum bai canza ba. Kowane ɗakin otal yana da iyakar mutanen da aka yarda su kwana a ciki, kuma a ƙasashe da yawa iyakar tana da nasaba da dokar kariya daga gobara, ba ganin damar manaja ba ne. "Ɗakin iyali" ba shi da ma'auni ɗaya a duniya. A yawancin wurare babban gado ne da doguwar kujerar da ake buɗewa ta zama gado, na mutum uku ko huɗu, kuma a tsakiyar gari, inda fili ke da tsada, ɗakunan sun fi matsi. Manya uku da yara uku da wuya su shiga. Wani otal ɗin ba ya ƙirga jariri, wani yana ƙirgawa. In ba a gyara ba, ga abin da zai faru: ku iso da dare a gajiye, ma'aikacin risefshan ya ɗaga kai ya ƙirga ku, ya ce sai an ƙara ɗaki. A nan maigidanki zai biya kuɗin da yake gudu, a farashin ranar, in ma akwai ɗakin, kuma wataƙila a wani hawa daban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da gangan na ce ki fara da wannan. Hujja ce da ba ta taɓa mutuncin kowa, don ba ke kika faɗa ba, otal ne ya faɗa.

Haka nan rubutun "yara kyauta" da ake mannawa a talla. Asalinsa sananne ne: a 1951 wani ɗan kasuwa a Amurka, Kemmons Wilson, ya yi tafiya da matarsa da 'ya'yansa biyar zuwa Washinton, duk masaukin da suka sauka sai an caje shi ƙari a kan kowane yaro. Haushin abin ya sa a 1952 ya buɗe otal ɗin Holiday Inn na farko a birnin Memfis, da ƙa'idar yara su kwana kyauta a ɗakin iyayensu. Wasu suka kwaikwaya har abin ya bazu. Sai dai har gobe kyautar tana da iyaka: in sun kwanta a gadajen da ke ɗakin. Ƙarin gado kuɗi ne, shekarun da ake kiran mutum yaro kowane otal da nasa, kuma karin kumallon da maigidanki ke murna da shi sau da yawa na waɗanda aka biya wa ne kawai. Ku tambaya na mutum nawa ne, da ƙarfe nawa ake farawa, don in likita ya ce ƙarfe takwas, wataƙila shi da Mama ko ganinsa ba za su riƙa yi ba.

To mu ce ma otal ɗin ya yarda ku shida. Ki kwatanta masa daren farko. Ƙarfe bakwai da rabi 'yar goye ta yi barci, dole a kashe fitila. Mutum biyar suna zaune a duhu suna raɗa, babban yaron ya ƙudundune a bargo da waya. Ƙarfe biyu ta farka da kuka, kowa ya farka. Ƙarfe uku Mama za ta shiga banɗaki, tana lalube tsakanin akwatuna da gadon jariri da gwiwar da aka kawo wa likita, kuma ba za ta kunna fitila ba don kada ta tashe ku. Gari ya waye, banɗaki ɗaya, mutum shida, ga layin asibiti yana jira. Haka har dare biyar. Abin da mai iyali yake saya a otal barci ne, kuma jaririya da 'yan makaranta da dattijuwa ba sa samun barci tare sai da ƙofar da ake rufewa a tsakani.

Akwai kuma wadda ban ji bakinta ba a wasiƙarki. An tambayi Mama? Babbar mace ba ta son canza kaya ko shafa magani a gaban ɗanta da matarsa, amma ba za ta faɗa ba, don ta san saboda ita ake kashe kuɗin. Kada ki zagaya ki je mata da maganar, zai ji kamar kin kai shi ƙara. Ki dai ajiye masa tambayar: "Kana ganin Mama za ta sake?" Sai ki yi shiru ki bar shi da ita.

Mafita ta farko ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani: Mama da babban yaron a ɗaya, ku da ƙananan a ɗaya. A nan ake yawan yin tuntuɓe. A wurin masu otal, ɗakuna masu ƙofar tsakani daban, ɗakunan da ke maƙwabtaka kawai daban, kuma abin da mutum ya rubuta a gurbin buƙata ta musamman a manhaja roƙo ne, ba a ɗauke shi alkawari ba. Don ki gane wuyar abin, kamfanin otal-otal na Hilton da girmansa sai a 2021 ya fara bai wa baƙi tabbacin irin waɗannan ɗakuna tun lokacin kamawa, har ya yi talla da shi. Saboda haka a kira otal ɗin kai tsaye, a ce su rubuto ta imel cewa sun tabbatar, sannan a sake kira ana jibi ko ana gobe tafiya, don a lokacin ne ake raba lambobin ɗakuna. Kiran yana da wani amfanin. Manhajojin kama ɗaki suna karɓar kamasho a hannun otal, sau da yawa wajen kashi 15 cikin 100 ko sama da haka, don haka wanda ya zo kai tsaye yana neman ɗaki biyu na kwana biyar yana da bakin neman ragi.

Mafita ta biyu, wadda ni na fi so muku, otal ɗin da ke ba da sashe guda: ɗakin kwana biyu, falo, ɗan kicin, wani lokaci har da injin wanki. Ga mai jaririya da mai jinya, kicin da injin wanki sun fi duk wani ado. Wankin otal da guda-guda ake lissafinsa, kin kuwa san yawan kayan da mai wata 14 take ɓatawa a yini. Sharaɗina ɗaya, ya kasance akwai ma'aikaci a risefshan dare da rana. Akwai wuraren da lambar buɗe ƙofa kawai za a turo muku a waya. In Mama ta zame a banɗaki ƙarfe ɗaya na dare, ba wanda za ki ruga ki kira.

Kuɗin kuma daga ina? Daga taurari za a rage. Babu wata hukuma guda da ke raba wa otal-otal na duniya taurari, kowace ƙasa da tsarinta, a wasu wuraren ma otal ne ke bai wa kansa. Ko a Turai sai a 2009 wasu ƙasashe suka haɗu a ƙarƙashin Hotelstars Union don daidaita ma'auninsu. Abin da taurari suka fi ƙirgawa yawan kaya da hidimomi ne, ba ruwansu da ko wurin ya dace da dattijuwa da jaririya. Ɗaki biyu a otal mai tauraro uku mai tsabta ya fi muku ɗaki ɗaya a mai huɗu. Tsabtar kuwa a bakin waɗanda suka taɓa sauka ake jin ta. Ki zaɓi abin da masu iyali suka rubuta a watannin baya-bayan nan, ki fara da masu ƙorafi. Mutum ɗaya ya yi kukan hayaniya, wataƙila halinsa ne. Mutum goma suka yi, to akwai gidan rawa a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce don barci ya yi kyau, ƙarar cikin ɗakin kwana kada ta wuce desibel 30, kusan ƙarfin raɗa ke nan, kuma ɗakin da tagarsa ke kallon babban titi da wuya ya samu haka. Ki nemi wanda ke kallon baya, nesa da lif da zauren biki.

Akwai tambayoyin da hotuna ba sa amsawa, sai an yi su da baki. An ce akwai lif, amma akwai matakala kafin a kai gare shi? Tsofaffin gine-ginen tsakiyar gari sun saba da haka, 'yan matakala daga bakin titi, sannan ɗan mitsitsin lif da ba ya cin keken jariri. Banɗakin fa, baho ne da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, ko shawa ce da ake shiga a miƙe? Ga Mama, in aka cire maganar likita, babu tambayar da ta kai wannan a duk tafiyar. Otal da yawa suna da ɗakin da aka tanadar wa masu lalura, da ƙarfen riƙewa a bango, da kujerar wanka, da ƙofa mai faɗi. Ba su da yawa, a nema da wuri, a kuma tambaya ko yana da ƙofar tsakani da wani ɗakin. Ɗan firjin nan na ɗakin otal don sanyaya abin sha aka yi shi, ba lallai ya riƙe digiri 2 zuwa 8 da wasu magunguna ke buƙata ba, kuma a wasu ɗakunan da zarar an zare katin ƙofa daga raminsa wuta ta ɗauke. In akwai irin wannan magani, a roƙi ma'aikata su ajiye a nasu firjin. Wani firjin ɗakin kuma na'ura gare shi a ciki, yaro ya ɗaga kwalba ya mayar, an rubuta muku kuɗi. Ki ce a kwashe kayan cikinsa kafin ku shiga.

Gadon jariri a kama shi tun yanzu, don kaɗan ne a kowane otal. In an kawo, ki girgiza shi ki ji ko yana rawa, ki duba tsakanin sandunan kada ya wuce santimita 6, katifar kuma ta cika gadon ba rami a gefe. In irin wanda gefensa ke zamewa ƙasa ne, ki mayar musu. Amurka ta haramta sayar da su tun 2011 saboda jariran da suka maƙale a ciki suka mutu.

Wurin ninkayar da ya burge shi kuwa, ni shi ya fi ba ni tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wuraren ninkaya na otal da yawa ba su da mai ceto, allo kawai ake kafawa cewa kowa ya kula da kansa. Yaro kuma ba ya ihu in yana nutsewa, shiru yake yin ƙasa. Ki dubi yadda ranakunku za su kasance: shi yana asibiti da Mama, ke kaɗai da uku. Hannu biyu gare ki, jaririya ta riga ta cinye ɗaya. Don haka a kafa dokar tun daga gida, ba shiga ruwa sai manya biyu suna wurin, mai shekara 5 kuma kada ya yi nisan da hannun babba ba zai kai gare shi ba, ko da robar iyo a damtsensa. A tambaya ma ko ana barin yara, don otal-otal na tsakiyar gari da suka fi harka da 'yan kasuwa sukan ware wa yara 'yan sa'o'i kawai. Da za a ba ni zaɓi tsakanin wurin ninkaya da lambun shaƙatawa kusa da otal inda yara za su yi guje-guje su gaji, lambun zan ɗauka.

Wajen hawa, ki nemi na ƙasa-ƙasa, na biyu zuwa na huɗu. Ya ɗan nisanta da ƙarar titi, kuma ana iya saukowa da ƙafa. In gobara ta tashi ba a shiga lif, ku kuwa kuna da goyo da mai ciwon gwiwa. A gobarar otal ɗin MGM Grand na birnin Las Begas a Amurka a Nuwamban 1980 mutum 85 suka mutu. A ƙasa wutar ta tashi, amma yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su a benayen sama. Da kun ajiye kaya, maigidanki da babban yaron su duba taswirar da ke bayan ƙofa, su taka zuwa matakalar gaggawa suna ƙirga ƙofofi, don a cikin hayaƙi da lalube ake gane hanya. Ɗan shekara 9 wasa zai ɗauki abin, kuma ba zai manta ba. A sanar da ma'aikata cewa a ɗaki kaza akwai wadda ba ta iya sauka da sauri.

Ke kuma ki durƙusa ki kalli ɗakin daga tsayin 'yarki: igiyar labule, wayar butar lantarki da ke lilo daga kan tebur, soket, kofunan gilas. Taga kada ta buɗu fiye da santimita 10. In akwai baranda, a janye kujeru daga bakinta, a kulle ƙofar. Ruwan famfon otal yakan yi zafi ƙwarai, a digiri 60 sakan kaɗan sun isa su ƙona fatar yaro, saboda haka ke za ki riƙa haɗa musu ruwan wanka. Ki ɗaga zanin gado ki duba ɗinkin katifa ko akwai baƙaƙen ɗige-ɗigen kuɗin cizo kafin a zazzage akwati. Duk fita kuma, katin otal mai adireshi a aljihun kowane yaro.

Saura maganar biya. Ya yi dabara da ya kama wanda ake sokewa ba asara. Duk inda za ku koma ya zama irinsa, ko da wanda ba a mayar da kuɗi ya fi araha, don likita yana iya ɗaga rana ko ya ƙara muku kwana. A ji farashin ƙarin kwana tun yanzu. Otal da yawa suna riƙe wani kuɗi a katin banki ranar shiga, a matsayin jingina saboda ɓarna ko ƙarin hidima, kuma bayan an fita yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Kada ya zama katin da kuɗin asibiti ke ciki. Wasu biranen suna da harajin baƙi na kowane dare da ba ya fitowa a farashin farko. Yawanci ana ba da ɗaki daga ƙarfe biyu ko uku na rana, a karɓe shi sha ɗaya ko sha biyu. In da safe za ku iso, ko ranar ƙarshe akwai ganin likita, a shirya wannan ma da su.

Maganar da ya faɗa miki ta zafin neman kuɗi ba ta yi daɗi ba, ba kuma zan wanke shi ba. Amma ki dubi inda ta fito. Mutum ne da mahaifiyarsa ba ta da lafiya, bai san abin da likita zai ce ba, bai san nawa jinyar za ta ci ba, duk da haka ya zauna ya nemo wurin da yaransa za su ji daɗi, ya kawo yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari, sai aka ce ba a so. Ki ajiye wannan sai kun dawo, ranar da hankali ya kwanta ki gaya masa ta yi miki ciwo. Yanzu abin da ke gabanki ɗaki ne, kuma wa'adin sokewa yana matsowa. Ki same shi bayan yara sun yi barci, ki fara da ba shi nasa: "Baban yara, na sake tunani, gaskiyarka ce, kusa da asibiti ya fi. Na janye maganar bayan gari. Abu ɗaya nake roƙo, mu kira su mu ji ko za su bar mu mu shida." Ki zo da wurare biyu ko uku a unguwar asibitin da kin riga kin duba, kowanne da jimillar kuɗinsa na kwana biyar har da haraji, don farashin dare ɗaya yaudara gare shi.

In kuma an buga lissafi ta kowace fuska ɗaki biyu ya gagara, kada a cusa mutum shida wuri guda don kawai an riga an yi wa yara alkawari. A raba tafiyar. Mutum ɗaya, wanda Mama ta fi sakewa da shi, ya raka ta tun farko, ɗaki mai gado biyu ya ishe su. Sauran su iso a kwana biyun ƙarshe, lokacin an gama gwaje-gwaje, a kama ɗaki na biyu na dare biyu kawai. Yara sun ga birni, aljihu bai yage ba.

Ko wanne kuka zaɓa, kada ya soke ɗakin farko sai tabbacin sabon ya shigo a rubuce, da adadin mutane, da gadon jariri, da ƙofar tsakani, da ranar ƙarshe ta sokewa. Allah ya ba Mama lafiya, ya kai ku lafiya.